Rahoton Ƙarshen Wata

Yau Agusta ta kai talatin da ɗaya,
hadari ya hana sola ƙosar da batir.
Na rungumi kwamfuta na nufi bayan firamare,
gindin aduwar nan da sabis ke yada zango
kamar baƙon da bai zo da niyyar kwana ba.

Alhaji Haladu na jira a Maigatari.
Zoɓo buhu ɗari huɗu a sito tun kaka,
burinsa in ɗan ƙetare ya rubuta zoɓo a injin bincike
sunansa ya fara cin karo da shi.

Ranar da muka ƙulla ya ce, "Huraira, me zan saya?"
Na ce, "Shaida, Alhaji.
Baƙo ya sauka kasuwar Alhamis,
ya tambayi mai awo, ya tambayi mai shayi,
ya tambayi ɗan kamasho a tasha,
kowa ya nuna rumfarka da leɓe.
Ina zai dosa?"
Ya ce, "Rumfata."
Na ce, "To injin ma ƙirga yake wa ya nuna ka,
kuma shi mai nunin, wane ne shi a gari.
Wannan nunin shi ake ce wa mahaɗi."

Ga lissafina, ban rage ba, ban yi gyara ba.
Wasiƙa sittin da biyu na tura.
Arba'in ko tari ba su yi ba.
Sha ɗaya suka ce sai na shafa musu mai a baki.
Sha ɗaya suka ɗora sunanka,
biyu kuma suka sauke shi ba sallama.
Saura tara.
Ciki har da mujallar masu shayi ta can Meziko,
da ƙungiyar manoma ta Dutse,
da wani malamin jami'a mai bincike kan shanya.

Daren jiya wani ya turo min tayi:
mahaɗi dubu, naira dubu biyar kacal.
Na daɗe ina kallon sifilin nan uku.
Da rahoto ya yi ƙiba, da ya yi sheƙi.
Sai na tuna Baffa yana awon riɗi a zaure,
aka ce ya zuba ɗan rairayi, kowa na yi.
Ya ce, "Buhu zai yi nauyi yau,
amma akwai ranar zazzagewa."
Injin ma yana da faifai, yana sheƙa,
in ya tashi zubar da ƙaiƙayi har da tsabar yake haɗawa.

Na rubuta tara. Na danna. Ya tafi.

Ko minti goma ba a yi ba waya ta ɗauki kuka.
"Tara? Dubu tamanin tawa, tara?"
Na ce, "Daga shafi na shida ka dawo na biyu."
Ya ce, "Kin san bayan kasuwa, inda ake ɗaure jakuna?
Shi ne shafi na biyun naki."
Na ce, "Haka ne. Amma watan jiya kana tsallaken iyaka,
yau ko ana jiyo tarinka daga rumfuna."
"Na ɗaya yaushe?"
"Ban sani ba, Alhaji.
Wanda ya yanka maka rana, riƙe aljihunka."

Shiru, sai kukan akuya daga ɓangarensa.

Na ce, "Duba layin ƙarshe.
Wata mata ta biyo ta hanyar masu shayin nan,
tana neman samfur."
"Tirela nawa?"
"Kilo biyu."
Ya yi dariya har ta zama tari.
"To a auna mata mai kyau, na saman buhu da na ƙasa ɗaya.
Wata mai zuwa ki ƙara girman rubutun,
idona ba ya kama ƙananan nan."

Batir saura huɗu.
Ɗigon farko ya faɗo kan harafin H.
Na cusa kwamfuta a ledar taki, na ratsa gonar gero da gudu,
ina lalubar waya a aljihu
ko alat ya shigo.
Bai shigo ba tukuna.